Bidiyon da ba ya shanye mega

Shagona yana unguwar Zariya a nan Maraɗi, kuma da ɗaukar biki da suna da walimar sauka aka san mu. Ni ne da yara biyu, kyamara biyu, kwamfuta ɗaya da ta ga jiya ta ga yau, sai ɗan injin kuran da na saya a 2023, lokacin da Najeriya ta yanke mana wuta bayan juyin mulkin watan Yuli. Shekarar ta gasa mu. An rufe iyakar Ɗan Isa da Jibiya, alhazan da ke watsa kuɗi a biki kowa ya ɗaure bakin aljihunsa, sai mu yi sati biyu kyamara na rataye.

A cikin wannan hali ne wakilin wani kamfanin salula, wanda ba zan kama sunansa ba, ya sallama shagon. Ya buɗe mini wani bidiyo da aka yi musu a Yamai, suka sa a YouTube da Facebook. Gaskiya aiki ya yi kyau: an ɗauko gadar Kennedy daga sama, 'yan samari da baƙin tabarau suna dariya suna shafa manyan wayoyi, minti uku cur, duk da Faransanci. Nufinsu a nuna wa mutane saurin intanet ɗinsu da yadda ake tura kuɗi ta waya. Ya ce, "Malam, wata biyu ke nan da sa shi, amma a rumfunanmu tambayar ɗaya ce har yau: ina ake latsawa? So muke ka ɗora mana Hausa a kai."

Na ce ya ba ni kwana ɗaya. Da dare na tafi teburin mai shayin bakin layinmu, na tura wa wani ɗan kabu-kabu, na ce ya buɗe a wayarsa. Abin ya yi ta juyi, ya ɗan taɓa ya tsaya. Ko minti ɗaya ba a ci ba ya kashe, ya ce, "Haba maigida, wannan ai sai ya shanye mini megan yini guda. Dala arba'in fa na sa." Wato tallar intanet ce, amma kafin ka gama kallonta ta cinye maka intanet ɗin. Washegari na ce wa wakilin ɗora murya ba zai yi magani ba, sabon abu za a yi, gajere kuma marar nauyi.

Muka je kasuwa ran Litinin wajen wata Hajiya mai man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, wadda ɗanta ke turo mata kuɗi daga Agadas. Wayarta ƙarama ce mai maɓallai, an ɗaure bayanta da roba. Ita nake so, don irinta ce a hannun yawancin masu tambayar nan. Wahalar farko rana ce: fuskar wayar ba ta fita a kyamara, sai walƙiya. Yarona Laminu ya ari zane a rumfar maƙwabta, suka riƙe mana shi kamar laima, ni kuma na durƙusa na kusanto da kyamara har ana ganin lallen yatsarta da maiƙon da ta bari a kan maɓalli. Ta latsa tauraro, ta latsa lambobi, ta latsa ɗan tsanin nan da 'yan lakwal ke kira diyez. Da aka zo lambar sirri sai ta karanto ta da ƙarfi, kasuwa na ji. Aka kwashe da dariya. Na ce, "Hajiya, wannan ko ni ɗanki bai kamata in ji ba." Dole muka canza lambar nan take, kuma na bar wannan gargaɗin a cikin bidiyon, da bakinta.

Abin da ya fi ɗaukar mana lokaci lissafi ne, kuma shi ne na tabbata ba a yi tunaninsa a buro ba. Mu da dala muke ƙirga, dala ɗaya sefa 5. Waya kuwa ba ta san dala ba. Wanda ya ce zai tura ɗari, 500 yake nufi, amma yatsarsa 100 za ta rubuta, can wanda aka tura wa ya bugo yana faɗa. Saboda haka na sa Hajiya ta ɗaga takardar jikka guda a gaban kyamara, ta ce, "Wannan, ɗaya za ka sa da sifili uku," sannan lambar ta fito ƙatuwa a ƙasa. Sunan kamfani ma ban dogara da shi ba, launi na nuna. Garin da har yau wasu tsofaffi ke cewa Celtel, alhali tun 2008 ya zama Zain, a 2010 ya koma Airtel, wasu kuma ba su daina kiran kamfanin Zamani da tsohon sunansa Orange ba?

A shago na yanka shi gida uku, kowane bai wuce daƙiƙa 30 ba, don a lokacin iyakar abin da sitatus ɗin WhatsApp ke ɗauka ke nan. Na matse hoton har ya ɗan yi dishi-dishi, abin da ke ƙona ran duk mai kyamara, amma duka ukun ba su kai mega 6 ba. Murya kuwa ban taɓa ta ba, na bar ta tangaran. Sannan na zagaya wajen masu cajin waya da tura finafinai a tasha, na roƙe su duk wanda ya kawo memori su jefa masa kyauta.

Rigimar ta zo wajen biya. Mutanen Yamai suka duba Facebook suka ga masu kallo kaɗan ne, suka ce tambarinsu ya yi ƙanƙanta, hoton kuma bai dace da darajar kamfani ba. Na yi ta bayani cewa abin da ya bi daga waya zuwa waya ta Xender da Bluetooth babu mai iya ƙirga shi, ba su gamsu ba. Sai da na yi wata uku ina sintiri kafin cikon kuɗina ya fito.

Bayan sallar layya na je ɗaukar biki a Dakoro. Ina haɗa fitilu sai na ji muryar Hajiya daga zauren gidan: "ɗaya da sifili uku." Wani dattijo ne ke nuna wa abokinsa, ya ce jikansa ya tura masa. Ban ce masa ni na yi ba, hannuna na riƙe da wayar wuta.

Yanzu rabin aikin shagon irin wannan ne, masu sayar da waya da fanel ɗin sola da takin zamani. Laminu ya iya matse bidiyo fiye da ni. Hajiya kuwa duk ran da na bi ta rumfarta sai ta tare ni: "Ɗana, har Tasawa an gane ni, ina ladan fuskata?" In sayi kwalbar mai ɗaya, ta ƙara mini ƙuli-ƙuli gyara.