Notin da Aka Yi Don Ya Karye

Hunturuna na farko a lardin Kebek na ƙasar Kanada, a wata gonar shanun madara na yi shi. Kafin in zo na shekara shida a garejin taraktoci a Kano, saboda haka da maigidana ya nuna mini injin kwashe dusar ƙanƙara da ake ɗaurawa a bayan tarakta, sai na ga kamar na san shi. Akwatin ƙarfe ne mai buɗaɗɗen baki, faɗinsa ya ɗan haura mita biyu. A cikin bakin akwai murɗaɗɗen ƙarfe irin na cikin injin markaɗe, shi ke tattaro dusar zuwa tsakiya, sannan farfela ta ɗauke ta ta cilla ta cikin bututu zuwa gefen hanya. Ƙarfin duka daga shaf ɗin bayan tarakta yake fitowa, wato wani sandan ƙarfe da ake ce wa PTO, mai juyawa sau 540 a minti. Mutanen nan suna alfahari da injin, don ɗan lardin ne, Arthur Sicard, ya ƙera irinsa a 1925, ya sayar da na farko ga garin Outremont da ke lardin a 1927. An ce injin sussukar hatsi ya gani ya ɗauko dabarar.

Aikin ba na ganin dama ba ne. Tankar madara tana zuwa duk bayan kwana biyu, kuma in hanyar gona ta toshe ba za ta shigo ba, alhali shanu ba su daina ba da nono.

Wata asuba a watan Janairu, sanyi ya kai digiri 24 ƙasa da sifili, ina tsakiyar aiki sai na ji "tas!" Tarakta na ta ruri, farfela ta tsaya cak. Wani ɗan noti ne ya guntule, wanda ke haɗa shaf da akwatin giya. Na sauka, na cire safar hannu, na buga guntun ya fita, na daidaita ramukan na sa sabo. Yatsuna har sun daina jin sifana. Ban yi mita hamsin ba ya sake karyewa. A karo na uku notin da ke cikin gwangwani ya ƙare, ga tanka na tafe ƙarfe bakwai. Na shiga ɗakin kayan aiki na ɗauko wani mai girma ɗaya da shi, amma mai layi shida a kansa maimakon uku. Na san ma'anar layukan sarai: mai shida ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba. Don haka ma na zaɓe shi. A garejinmu abin da ya cika karyewa ƙarfafa shi ake yi, ko a canza masa ƙarfe ko a yi masa walda, kuma ana yaba wa yaron da ya yi wannan tunani.

Minti goma aikin ya tafi lafiya lau. Daga nan injin ya haɗiyi wani guntun katako da ƙanƙara ta daskare a jikinsa. Wannan karon notin bai karye ba. Ƙarar da na ji daga cikin akwatin giya take, kamar ana niƙa tsakuwa. Da muka buɗe, haƙora huɗu sun zube a cikin mai.

Maigidana dattijo ne marar yawan magana. Ya kira maƙwabci ya zo da nasa injin ya buɗe hanya, sannan ya ɗauki notin nawa yana jujjuyawa a tafin hannunsa. Ya ce, "Ɗana, wancan da ka cire aikinsa ke nan ya karye. Sau uku yana gaya maka akwai matsala." Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Kwana tara muka yi muna jiran sabuwar giya, kuma kuɗinta ya isa sayen irin wancan noti ɗaruruwa.

A kwanakin jiran nan ne na zauna na binciki abin da ya kamata in bincika tun karyewar farko. Injin yana da takalman ƙarfe biyu a gefe da gefe, su ke ɗaga bakinsa daga ƙasa kaɗan. Sun cinye har sun zama kamar faifai, shi ya sa bakin yake kankaro tsakuwar hanya yana tura wa farfela. Ga kuma laifina na biyu: ina sa PTO alhali na riga na ba tarakta wuta sosai, sai ƙarfin ya daki notin gaba ɗaya. Daidai shi ne a sa shi injin yana ƙasa-ƙasa, a ƙara wuta a hankali. Na uku, dusar da aka bari a cikin farfela da yamma kan narke kaɗan ta daskare cikin dare, da safe farfelar ta zama kamar an zuba mata siminti. Yanzu ba na ajiye injin sai na bar shi ya juya babu komai na ɗan lokaci, na kuma share cikinsa.

Maganar share cikin nan, ba na wasa da ita ko kaɗan. Juyi 540 a minti yana nufin tara a daƙiƙa ɗaya. Kafin mutum ya ankara ya riga ya naɗe. Ni kuwa lokacin ina naɗa dogon mayafi a wuya saboda sanyi, bakinsa na reto, ina sunkuyawa kusa da shaf. Ranar da dattijon ya gani, da hannunsa ya warware shi ya cusa mini cikin riga. In bututu ya toshe, a kashe tarakta, a zare makulli, a jira komai ya tsaya, sannan a sa sanda. Ko injin a kashe yake, farfelar da wani abu ya danne tana iya zabura da zarar an cire shi, don haka hannu ba ya shiga.

Yawancin gyaran ma a watan Oktoba nake yinsa yanzu, tun ƙasa tana bushe. In duba man giya, in ja sarƙa in sa mata mai, in bi kowace gaɓa ta shaf da giris, in girgiza boris, wato zoben da shaf ke juyawa a cikinsa, in ji ko ya yi wasa, in kankare tsatsar da gishirin da ake zubawa a titi don narkar da ƙanƙara ya haifar. Sannan in bi hanyar da ƙafa daga bakin titi har garke, ina tsince duwatsu, igiyar damin ciyawa da guntayen waya, ina kafa sanduna a gefe don in san iyakar hanya idan komai ya yi fari. Baya-baya ake tuƙa wannan aiki, wuya a karkace, ba a ganin abin da ke ƙarƙashin dusa.

Hunturun bara sau biyu kawai notin ya karye. Duka biyun na kashe injin na haska tocila cikin bakin kafin in taɓa gwangwani. Na farko rabin bulo na tarar, na biyu sarƙar ƙofar garke ce da ta faɗi tun kaka ban gan ta ba.