Sauron da na gani a kan tarin itace a Kura

Satin da ya wuce na je Kura gaida kawuna, manomin shinkafa ne, gonarsa na can bakin kanal. Muna zaune a ƙofar gida gab da kiran magariba sai na hango wani abu kamar hayaƙi yana lilo a saman tarin itacen da ke jikin katanga, na matsa na duba ashe sauro ne, sun fi a ƙirga, suna ta sama da ƙasa a wuri ɗaya. Kawu ya ce ai kullum nan suke taruwa, ko ka kore su sai sun dawo kan itacen nan. Wallahi tun ranar abin bai bar raina ba.

Irin wannan taron na maza ne, su ba sa cizo, ruwan fure suke sha. Macen ce ke shigowa tsakiyarsu ta fita da ɗaya su yi barbara a iska. To wurin da suke zaɓa su taru ɗin nan, yana cikin abin da ke raba nau'in sauro ɗaya ya koma biyu.

Bari in fara da abin da kowa ya sani, alfadari. Jaki ya hau goɗiya a samu alfadari, ga ƙarfi ga juriya amma ba ya haihuwa. Dalili shi ne ƙunshin gadon da ke cikin ƙwayar halitta, wanda ake kira kuromosom, doki yana da 64, jaki 62, alfadari ya tashi da 63, in aka zo raba su biyu don yin ƙwai ko maniyyi sai su ƙi haɗuwa daidai. Kenan tsakanin doki da jaki akwai katanga, kuma ita wannan katangar ta haihuwa ce masana ke dubawa su ce waɗannan nau'i biyu ne. Tasu ta daɗe da ginuwa.

Ta sauro kuwa yanzu ake kan ginin ta, abin da ya fi ɗaukar hankalina kenan. Sauron da ya fi yaɗa maleriya a yankinmu da can sunansa ɗaya, Anopheles gambiae. Sai masu bincike suka lura a Afirka ta Yamma akwai iri biyu a ƙarƙashin sunan, ko a madubin lab ka sa su ba za ka bambance ba sai an yi gwajin DNA, aka yi ta kiransu M da S, har a 2013 aka ba M suna nasa, Anopheles coluzzii, don tunawa da Mario Coluzzi, wani masani ɗan Italiya da ya ƙarar da rayuwarsa a kan sauron Afirka.

Shi gambiae a ɗan ruwan sama da ya kwanta a sawun shanu ko na taya yake zuba ƙwai, tsutsarsa na girma da wuri kafin ruwan ya ƙafe. Shi kuma coluzzii ruwan da ke daɗewa yake so, fadama, gonar shinkafa, wuraren noman rani, kuma tsutsarsa ta fi iya kauce wa ƙwarin ruwa masu cinye ta. In magariba ta yi, binciken da aka yi a Mali ya nuna mazan gambiae a saman fili fetal suke taruwa, na coluzzii kuma sai inda akwai alama a ƙasa, tarin itace, juji, bakin rijiya. Ƙauye ɗaya, lokaci ɗaya, tsakaninsu ƴan taku kaɗan, amma kowa da dandalinsa. In ka kulle su a keji ɗaya a lab za su yi barbara su haifi ƴaƴa masu haihuwa, a waje ne ba sa haɗuwa sai jefi-jefi. A Gini Bisau ma katangar ta yi rauni sosai, ruwa-biyun, wato ƴaƴan gambiae da coluzzii, suna da yawa a can.

Tsirrai su, samuwar sabon nau'i a dare ɗaya take iya faruwa. Gyaɗar nan tamu da aka yi dalarta a Kano asalinta Kudancin Amurka ne, gyaɗar daji iri biyu ne suka haɗu, kowace da kuromosom 20, sai adadin ya ninka ya zama 40, shi ke nan ta zama nau'i mai zaman kanta, tana haihuwa da kanta amma ta rabu da iyayenta. Alkamar burodi ma haka, 42 daga ciyayi uku masu 14 kowace. Ikon Allah.

Abin da ya sa nake ganin bai kamata mu bar maganar nan a ajin bayoloji kawai ba, katangar sauron nan tana yoyo. Gambiae yana ɗauke da wani canjin gado da ake kira kdr, mai sa maganin da ke jikin gidan sauro ya rage kama shi. A Mali, wajen 2006, daidai lokacin da aka ƙara raba gidajen sauro masu magani, wannan gadon ya tsallaka cikin coluzzii ta hanyar ƴan ruwa-biyun nan da ake ganin ba su da yawa, kuma ya bazu da sauri. Coluzzii kuwa shi ne wanda muke shimfiɗa wa ruwa har cikin rani duk inda aka buɗe sabon filin shinkafa.

Daren nan a ɗakin ƴaƴan kawu na kwana, gidan sauronsu ya huje a wuri uku, ƙaramar cikinsu kuma ba ta daɗe da tashi daga zazzaɓi ba. Da safe kafin in kama hanyar Kano na nemi allura da zare muka ɗinke shi ni da babbar yayarsu.