Abin da na koya daga karantar da littafin Minaret

Na yi zangon karatu guda ina karantar da ɗalibaina na adabi littafin Minaret na Leila Aboulela, wanda ya fito a 2005. Marubuciyar 'yar Sudan ce, ta tashi a Khartum, ta koma birnin Aberdeen na Scotland da zama a 1990, kuma ita ta fara lashe kyautar Caine ta gajerun labaran marubutan Afirka a 2000.

Ɗalibai sun zo da ma'aunin da suka saba: ga Bature mai mulkin mallaka, ga baƙo yana kewar gida. Sai Najwa, tauraruwar littafin, ta ƙi shiga wannan ma'auni. 'Yar babban jami'in gwamnati ce, cikin daula ta tashi, salla kuwa masu aikin gidansu take gani suna yi. Aka yi juyin mulki, aka kama mahaifinta, suka tsere Landan, daga baya aka kashe shi, dukiya ta ƙare har ta koma aikatau a gidan wasu Larabawa. Addinin da ya riƙe ta ba daga Khartum ta taho da shi ba, a Landan ta same shi.

Don haka na ce su ajiye ra'i tukuna, su bi labarin da tambaya ɗaya: wa ya tsaya mata? A nan aji ya buɗe. Da mahaifiyarta ta rasu, matan masallaci ne, waɗanda ba su haɗa dangi da ita ba, suka zo suka yi wa gawar wanka. Wannan wuri ya fi taɓa ni, kuma ina ganin shi ne ƙashin bayan littafin. Daga baya a masallacin Regent's Park da ke Landan ta samu sahun da ba a tambayar ta 'yar wane ce. Wata ɗaliba da ta girma a zangon Kumasi ta ce abin ba baƙo ba ne gare ta, don a can ma baƙo masallaci yake fara nema.

Na kuma koyi hana aji mai da labarin wa'azi. Aboulela ba ta saka wa Najwa da arziki ba, ba ta aura mata Tamer, ɗan gidan da take aikatau, wanda take so ba; kuɗin zuwa Hajji kawai ta samu, daga hannun mahaifiyarsa, don ta rabu da shi. Wasu suka ce sayen ta aka yi, wasu suka ce mafita ce Allah ya ba ta. Yanzu da wannan gardama nake rufe darasin, kowa ya kawo hujjarsa daga cikin littafin.