Bulo talatin da biyar a buhu, ba ƙari

Shekarata ashirin da ɗoriya ina buga bulo a wani ƙauye da ke gefen Ringim, jihar Jigawa. Da shebur da mol na ƙarfe na fara, yau ina da inji da yara tara. Malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da na ƙaramar hukuma su ne yawancin masu sayen kayana, mutanen da ba su kai a kira su masu kuɗi ba, ba su kuma faɗo cikin masu jiran tallafi ba. Shi ya sa duk maganar gidajen gwamnati da aka yi a rediyo, washegari sai ta iso rumfata.

Kwanan baya wani malamin sakandare ya zo da takardar albashinsa, ya ɗora yatsa a kan layin da ake yankar masa kashi 2.5 cikin ɗari. Kuɗin Asusun Gidaje na Ƙasa ne, wanda aka kafa tun 1992, Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya ke riƙe da shi. A ƙa'ida mai zubi zai iya karɓar rance a kan ruwan kashi 6, ya biya har cikin shekara 30. Na ce masa, Malam, takardar filin fa? Nan ya yi shiru. Filinsa gado ne, shaidarsa mai unguwa da dattawa biyu, banki kuwa takardar mallaka ta gwamnati yake nema. Manyan rukunan gidajen kuma, irin Kwankwasiyya da Amana ko sabon na tarayya da ke Janguza, duk a bakin birnin Kano suke. Wanda ke koyarwa a nan me zai yi da su? Ƙarshe dai ya yanke shawarar da kowa ke yankewa: duk wata ya sayi bulo ɗari ya ajiye.

To, a nan ne nawa aikin yake. Buhun siminti ɗaya, bulo mai inci tara talatin da biyar nake fitarwa, ko Dangote ne ko BUA ko Ashaka. Yashi na kogi nake sa wa, mai kaushi, wanda in ka damƙa ka saki zai watse bai ɓata maka tafi ba. In ya dunƙule, da laka a ciki, tifar ta koma da abinta. Bulo kuma kamar jinjiri yake, sai da shayarwa: safe da yamma har kwana bakwai, kuma ba ya barin filina sai ya yi sati biyu. Lokacin hunturu iska na zuƙe ruwan kafin siminti ya kama, dole mu lulluɓe shi da buhuna.

Marigayi maigidana ne ya koya mini wannan, kuma ba da baki ba. Ina yaro na taɓa ƙara baro ɗaya na yashi don in burge shi da yawan bulo. Bai ce uffan ba. Bayan kwana uku ya ɗaga bulo ɗaya daidai ƙirjinsa ya saki, ya tarwatse kamar ƙuli-ƙuli. Ya ce, ɗauki tsintsiya. Ranar ban ci tuwon kirki ba.

Yanzu ga masu buga sittin a buhu sun cika bakin titi. Su yayyafa ruwa sau ɗaya, gobe su loda a mota. Wani ɗan kwangila da ya samu aikin gidaje masu sauƙin kuɗi ya taɓa zuwa, wai in yi masa irin wancan, ai filasta za ta rufe. Na ce, Alhaji, a yi haƙuri, nemi wani. Ya samu kuwa, nan kusa. Ambaliyar 2022 da ta ci garuruwanmu ta nuna wa kowa abin da filasta ke rufewa, har wasu katangun bulo sun riga na ƙasa zubewa.

Masu ciniki ma ba su bar ni ba. Mutum zai ce can ya fi araha da naira hamsin. Ba na jayayya, sai in miƙa masa ƙusa in ce ya karta nawa, ya je ya karta nasu.

Malamin nan ya tara ɗari takwas zuwa yanzu, suna jere a bayan rumfata an rubuta sunansa da gawayi. Bayan girbi za mu haƙa harsashi, ɗaki biyu da falo, in Allah ya kai mu.