Mai gona da mai lasisin haƙar ma'adinai: wa doka ta fifita?

A yawancin ƙasashen duniya, mallakar fili ba ta kai ga abin da ke ƙarƙashinsa. Manomi na iya gadar gona tun kaka da kakanni, amma zinariya ko kuzar da ke binne a cikinta ta hukuma ce. Sashe na 44(3) na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya danƙa dukkan ma'adinai a hannun gwamnatin tarayya, kundin Ghana na 1992 kuwa ya ɗora su a hannun shugaban ƙasa a matsayin amanar jama'a. Amurka na cikin ƙasashe ƙalilan da ke barin mutum ya mallaki ma'adinan filinsa, har ya sayar da su daban.

Ban ga aibin wannan tsari ba a asalinsa, domin bai dace arzikin ƙasa ya zama na mutum ɗaya don kawai ya faɗo a gonarsa ba. Rikicin yana tashi ne ranar da mai lasisi ya iso da injuna, tunda ba a kaiwa ga ma'adini sai an ratsa gona, makiyaya, rijiya ko maƙabarta. Dokar ma'adinai ta Najeriya ta 2007 ta fifita haƙar ma'adinai a kan sauran hanyoyin amfani da ƙasa, ta kuma tanadi diyya da yarjejeniyar raya al'ummar da abin ya shafa. Sai dai akasari ana ƙiyasta diyyar bisa shuka da ginin da aka tarar a filin, alhali abin da iyali suka rasa shi ne girbin shekarun da ke gaba, da ruwan sha idan ya gurɓace.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake ɗaukar tuntuɓar mutane tamkar samun yardarsu. A 2018 babbar kotu a Firitoriya ta yanke hukunci cewa ba za a ba da izinin haƙar ma'adinin titaniyam a yankin Xolobeni na Afirka ta Kudu ba sai da amincewar mazaunansa, waɗanda ke riƙe da ƙasar bisa al'ada. A Ostireliya kuwa, a 2020, kamfanin Rio Tinto ya tarwatsa kogunan Juukan, masu shaidar zaman ɗan Adam ta kimanin shekara 46,000, kuma yana da izinin hukuma a hannu. Doka ta halatta aikin, amma ba ta bai wa 'yan asalin wurin damar ɗaukaka ƙara ba.

A ganina, ya kamata a nemi yardar masu ƙasa kafin a ba da lasisi, a gaban jama'a da harshen da suke ji, ba sa hannun basarake shi kaɗai ba. Haka kuma a tilasta wa kamfani ajiye kuɗin cike ramuka da gyaran ƙasa tun kafin ya fara tono, a asusun da ba shi ke iko da shi ba.