Ƙaton jariri a kan sikeli

Awon jarirai nake yi a wata likita cikin garin Maradi. Idonmu a nan ya saba da neman tamowa, shi ya sa in aka ɗora ƙaton jariri a sikeli sai ɗaki ya kaure da guɗa, kakanni suna ta tubarkalla. Ni kuwa lokacin nake ƙara buɗe ido.

Galibin jarirai suna zuwa da kilo 3 da ɗoriya, tsawo wajen santimita 50, zagayen kai 34 zuwa 35. Wanda ya haura kilo 4 shi muke kira babba. Wani gado ne, wani cikin ne ya zarce lokacinsa, wani kuma sukarin uwa ne ya hau ba ta sani ba. Sukarin yana bin cibiya ya isa ga ɗan, jikinsa ya yi ta fitar da insulin, sinadarin da ke rage sukari a jini, yana tara kitse. Da an yanke cibiya sukarin uwa ya daina zuwa, insulin kuwa yana nan, sai na jinin jaririn ya faɗi.

Na auna wani mai kilo 4 da giram 600, kumatu suntum. Yatsunsa na karkarwa, nono a bakinsa amma ba ya ja. Kakarsa ta ce barcin ƙoshi ne. Na ce, "Iya, ku yi haƙuri, a tashe shi." Muka tsaga dunduniya kaɗan muka gwada, sukari ya yi ƙasa. Aka tatsa masa dakashi a cokali, aka kira likita. Irin waɗannan nakan ɗaga hannuwansu duka biyu in sake, domin kafaɗa kan maƙale wajen haihuwa, hannu ɗaya ya dawo ba ya motsi.

Rigimar da ta fi yawa sai bayan suna. Kowane jariri yana raguwa a kwanakin farko, har kusan kashi 10 cikin 100, ya maido kafin mako 2. Manyan nan kuma da yawansu sukan sassauta girma bayan 'yan watanni, sai uwa ta zo min da "Malama, yarona ya zube," har ta fara ɗura masa ruwa da koko. Sai in buɗe katin awo in bi layin da yatsa: nauyi na hawa, tsawo da kai ma haka. Nono zalla har wata 6. Ita kuma in ta gama wanka ta dawo a gwada sukarinta, ta zo ba ta karya kumallo ba.