Daga Tafkuna Bakwai Zuwa Malyovitsa a Yini Ɗaya

A watan Yuli, bayan mun gama jarrabawa, wani ɗan ajinmu ɗan Bulgariya ya ja ni muka tafi duwatsun Rila na ƙasarsu, da niyyar mu ga Tafkuna Bakwai mu wuce ƙololuwar tsaunin Malyovitsa a ƙafa. Da asuba muka bar Sofiya, muka bi ta Sapareva Banya, muka hau kujerar nan mai rataye a waya da ke haurar da mutane sama. Ni da Dala da Goron Dutse ne iyakar hawana, kambas na saka, na riƙe gorar ruwa ɗaya da dabino.

Tafkunan bakwai ne, hawa-hawa, kowanne na zubo wa na ƙasansa ruwa. Wasu sunayen daga kamanninsu aka samo: Ƙoda, Tagwaye, Ido, Hawaye. Ido ne mafi zurfi, mita 37 da rabi, ruwansa shuɗi har ya yi duhu, ga ragowar ƙanƙara a gefe ana tsakiyar zafin Turai. Wani tsauni mai tsini yana tsaye a kansu, wai shi Haramiyata, wato ɗan fashi. Na ce wa abokina ai wannan sunan ba baƙo ba ne a kunnen Bahaushe.

A nan na tafka kuskuren. Awa uku muka kashe muna hotuna, yana cewa mu tafi, ina cewa saura ɗaya. Ashe tafiyar ba ta ma fara ba. Daga Hawaye, wanda ya fi sauran tudu, muka haura Razdela, mararrabar hanyoyin da ke kan dutsen, muka bi doron tsaunin ta ƙololuwar Dodov. Iska na neman ture mutum, tafkunan Urdini a hagu, gidan ibadar Rila can ƙasa a dama kamar akwatin ashana. An hana wanka a tafkunan, ni ma ban so in taɓa su ba, da ruwan gorata na yi alwala na haɗa azahar da la'asar. Shi ke nan ruwan sha ya ƙare.

Mun taka ƙololuwar Malyovitsa, mita 2,729, hadari na taruwa. Abokina bai bari na ko zauna ba. Ya ce tsawar la'asar a kan doron dutse ba abar wasa ba ce, shi ya sa masu hankali ke sammako.

Gangarowa ce ta ba ni kashi. Na ɗauka ai hutu ne, sai ga manyan duwatsu birjik har zuwa tafkin Elenino, kambas na santsi, yatsu na dukan gaban takalmi, gwiwoyi na karkarwa. Ruwa ya same mu kafin ɗakin matafiya na Malyovitsa, inda na sha miyar wake da shayi ba ko magana. Da fitilar waya muka ƙarasa bakin titi.

Faratan manyan yatsuna biyu sun yi baƙi, daga baya suka fita. Yanzu takalmin hawa na saya, wanda ya ɗara ƙafata da lamba ɗaya.